Ranar da Na Hana a Kwantar da Amaryarmu

A Zongo, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Asante, har yau ba wanda ya san aikin da nake yi, kuma na daina wahalar da bakina. In aka tambayi mutanen gidanmu sai su ce ina ɗaukar hoto a asibiti. Akwai maƙwabciyarmu da ta taɓa aikowa wai in zo da kyamarata ranar auren 'yarta, tunda gwamnati ta ba ni babba. Ban je ba, ban kuma aika da bayani ba. Mutumin da ya tsufa yana zaton likita da allura su kaɗai ne asibiti, ba ni ce zan buɗe masa kai ba.

Ɗakin da nake aiki ba shi da taga. Akwai siririn gado mai tauri, akwai inji mai lanƙwasasshen hannu da ke kewaya marar lafiya yana harba haske ta cikin jikinsa, hoton yana fitowa a allo nan take, yana motsi. Likita ne ke zura siririyar roba da waya ta jijiya ko ta wata kafa, ya bi da su har inda ciwon yake, ya buɗe abin da ya toshe ko ya toshe abin da ke zubar da jini. Amma likitan nan makaho ne in ban nuna masa hanya ba. Ni ke juya injin. Ni ke matse hasken ya tsaya daidai inda ake aiki, kada ya taɓa abin da ba ruwansa, in kuma rubuta yawan da marar lafiya ya sha. Ni ke tabbatar da kowa ya sa rigar dalma, wadda nauyinta ya riga ya cinye mini ƙugu, ya kuma maƙala ɗan bajin da ke auna hasken da jikinmu ke kwasa. Duk wanda ba shi da aiki a ɗakin ni ke korarsa, ko ɗan wane ne. Kafin a kai ga wannan duka sai na tsaya da marar lafiya na ji sunansa daga bakinsa, na ji ko ya san abin da za a yi masa, ko ƙodarsa lafiya, ko ruwan rinin da muke ɗurawa don hanya ta fito a hoto ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi. In mace ce da ba ta daina al'ada ba, akwai tambayar da ba a tsallakewa: yaushe kika ga jininki na ƙarshe, kuma ko kina zaton kina da ciki? Hasken nan ba ya shiri da ɗan tayi. Tambayar tawa ce, sa hannuna ne a ƙarƙashinta, in aka yi kuskure ni za a nema.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce asibitin unguwarmu. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe allura ba, amma tun ina goye take raka mutane wurin likita, har ta san kowane lungu da kowane mai gadi. Mutum ya yi tari sau biyu sai ka gan ta a bakin ƙofarsa da mayafi da jakar leda cike da katunan jama'a. Tana jin Twi, yaren mutanen garin, kamar 'yar Asante, tana da Turancin da ya ishe ta yi wa nas tsawa. Mutane suna kiran wannan taimako, kuma ban ce ba ta taɓa taimakon kowa ba. Abin da na gani da idona shi ne duk wanda ta raka bakinsa ya mutu. Likita ya tambayi mai ciwo ina ke masa ciwo, gwaggo ce za ta amsa, har ta nuna wurin a jikinta. Kafin la'asar kuwa duk Zongo ta ji wane na da basur, wance sikarinta ya hau. Tun ina yarinya ba na ƙaunar halin nan nata, da na girma na shiga aikin sai abin ya koma ƙyama.

Ɗanta na fari kafinta ne a unguwar Anloga, mutum mai hannu, marar magana. An auro masa yarinya daga cikin danginmu na Nijar, kuma ko da ta shekara tara a gidan Amarya ake kiranta, yadda muke yi. Twi ɗinta bai wuce na sayen tumatir ba, Turanci kuwa babu ko ɗaya. A farkon auren ta yi ɓari biyu, daga nan shiru. Gwaggo ta kai ta wurin masu rubutu, ta kai ta wurin wani mai saiwoyi a Atonsu, ta ɗura mata abin da ko akuya ba za ta sha ba. Da duk suka ƙare aka je wurin likitan mata, aka yi hoto, hoton ya nuna hanyoyin ƙwai biyu a toshe daga bakinsu. Sai aka rubuto ta ɗakinmu a bi da waya a buɗe.

Gaskiya ita ma Amaryar raina ta nake yi. Mace ce da za ka ce mata zauna ta zauna, ka ce tashi ta tashi. In gwaggo na magana kanta a ƙasa, in na gaishe ta sai ta durƙusa kamar ta ga sarki. Nakan ce a raina wannan ko kunnenta aka ce za a yanke za ta miƙa ta ce an gode.

Irin wannan aikin ana yin sa ne 'yan kwanaki bayan mace ta yi wankan tsarki, lokacin da ba a tsammanin ciki. Gwaggo ce ta zo da kanta ta ba da ranar. Ba sai ta tambayi kowa ba, domin shekara da shekaru take gadin watan Amarya. Gidanmu na gado tsakar gida ɗaya ne, famfo ɗaya, mata a baranda suke salla. Duk wata gwaggo na zaune a kujerarta tana tauna goro tana kallon buta. Ranar da Amarya ba ta ɗauki buta ba, gwaggo ta ja tsaki ta ce wannan watan ma an tashi a banza. Ranar da ta fito da jiƙaƙƙen kai ta shimfiɗa tabarma, gwaggo ta soma sabon jira. Wannan aikin 'yan sanda da take yi wa surukarta shi take kira kulawa.

Ranar Talata da safe suka iso. Na fito da takardar tambayoyi na tarar da su a benci, gwaggo ta baje ta ci wurin mutum biyu, Amarya a gefe ta takure.

Na ce, "Gwaggo, ina kwana. Ki ɗan ba mu wuri, zan yi mata tambayoyi."

Ta ce, "Wuri? Ni? 'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake shiga ashibitin nan. Tambaya, muna ji."

Na tambayi Amarya sunanta, gwaggo ta faɗa. Na tambayi ko ta ci wani abu, gwaggo ta ce ko ruwa. Na haɗiye na ci gaba har na zo kan tambayar.

"Amarya, yaushe kika ga jininki na ƙarshe?"

Gwaggo ta ce, "Alhamis ta yi wanka. Kwana biyar ta yi, da idona na gani. Rubuta."

"Ko kina zaton kina da ciki?"

Gwaggo ta yi wata dariya har goro ya fito. "Ciki? In da ciki me ya kawo mu? Ba komi kraa, ko kaɗan. Ke dai rubuta, mun yi leti."

Na ce ba ita na tambaya ba. Na dubi Amarya, ta dubi ƙasa, ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne, Yaya."

Ranar ta yi daidai, matar ta amsa da bakinta, ga hoton da ya ce hanya a toshe take. Da yawa daga abokan aikina da nan za su miƙa mata biro. Ina so in ce basira ce ta hana ni, amma ba ita ba ce. Haushin gwaggo ne. Na ƙudura a raina cewa a ɗakina dai, ko sau ɗaya a rayuwarta, ba za ta amsa wa wani tambaya ba. Ƙa'ida kuma tana bayana, domin wannan tambayar a keɓe ake yin ta. Na kama hannun Amarya na ce ta zo ta canza kaya, na shige da ita ɗan ɗakin da ake tuɓewa, na murɗa makulli.

Gwaggo ta buga ƙofar sau uku. Da ta ga ba zan buɗe ba sai ta koma kan nas, tana zuba mata Twi, tana ba ta labarin yadda ta wanke mini kashi ina jaririya. Na ƙyale ta.

Na ce, "Amarya, kin san abin da za a yi miki?"

Ta ce, "Mma ta ce hoto ne." Gwaggo take nufi.

"Wane irin hoto?"

"Irin wanda kike ɗauka. A kwanta a ɗauka a tashi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata guda da rubuto ta, an yi bayani a ofishin likita, an ba da takarda, duk ya shiga kunnen gwaggo ya fito a matsayin hoto. Ban tausasa ba. Na ce mata za a kwantar da ita a buɗe ta, a zura roba ta bakin mahaifa, a ɗura ruwa da ƙarfi, a bi da waya har cikin hanyoyin, hasken inji kuma yana dukan mararta duk tsawon aikin. Na ce in akwai wani abu a mahaifar, ko bai wuce ƙwayar wake ba, kada ta sa ran zai zauna.

Tana riƙe da rigar asibitin da na ba ta. Sai na ga rigar ta faɗi, hannayenta biyu sun koma kan mararta. Ta zame ta zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

Na ce, "Zan sake tambayarki, kuma ba kowa a nan sai ni da ke da Allah. Yaushe kika ga jininki?"

A waje likita ya ƙwanƙwasa ya tambaya da Turanci ko mun shirya, akwai mutum uku a bayanta, ɗaya dattijo ne da fitsarinsa ya tsaya. Na ce ya ba ni minti biyar. Na ji ya yi ƙunƙuni ya tafi.

Da murya ƙasa ƙasa ta ce, "Wata biyu ban gani ba."

"To wankan Alhamis fa? Kwana biyar ɗin da gwaggo ta gani?"

"Na daina fitowa da buta ne. A ɗaki nake alwala da ruwan kofi, in rufe ƙofa in yi sallata. Ranar Alhamis na jiƙa kaina na fito. Wancan watan ma haka na yi."

Na tsaya ina kallonta. Wannan da nake cewa ko kunnenta za ta miƙa, ita ce ta yi wata biyu tana wasa da hankalin gwaggo a tsakar gidanta, a gaban kujerarta. Da wani lokaci ne da na yi dariya har na faɗi. Amma wayon nata ne ya kawo ta bakin gadona, saura taku goma.

Na ce, "Me ya sa? Shekara nawa kina neman abin nan, ya zo, ki ɓoye?"

Ta ce, "Na farko na gaya wa maigida, ya gaya wa Mma, sati bai zagayo ba ya zube. Na biyu uwata kaɗai na gaya wa a waya. Shi ma ya tafi. Wannan na yi wa kaina alkawari ba wanda zai ji daga bakina sai ya nuna kansa." Ta share ido da gefen mayafi. "Na ɗauka in hoto ne zan kwanta a ɗauka in tashi, Mma ta huta. Yanzu ga shi kin sa na faɗa."

Na san maganar. Duk macen Zongo ta san ta: ciki ba a faɗa, baki na kama shi, ido na kama shi, sai ya fito ya faɗi kansa. Tun ina makaranta nake jin haushin wannan tunani, kuma ranar na sauke mata shi duka. Na ce baki ba ya zubar da ciki. Na ce da baki na zubar da ciki da ba a haifi kowa a Zongo ba, tunda ba abin da muke da shi sai baki. Na ce shirun nan nata da take gani kariya ne, shi ne ya kusa kashe mata ɗa yau da safe. Tana ji tana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da take yi wa gwaggo, ni kuwa na ɗauka ta fahimta.

Na ba ta ɗan kofi ta yi fitsari, na tsoma tsinken gwaji. Layi biyu suka fito tun kafin in ajiye shi. Ba abin mamaki ba ne a wurinmu: wani lokaci hanyar tsukewa take yi don zafin ruwan da aka ɗura, hoto ya nuna kamar a toshe, alhali lafiyarta lau. Na ce mata likita dole ya sani, amma bayan shi ba wanda zai ji daga gare ni, wannan ma yana cikin aikina. Ta kama ƙafata ta ce in rantse. Na ce ba na rantsuwa a kan aiki, ta saki ƙafata.

Likita da ya ga tsinken sai ya daina duban agogo. Ya soke aikin, ya rubuta a kai ta awo, ya ce a shigo da dattijon. Shi ke nan nasa ya ƙare. Ni aka bari da gwaggo.

Na ce, "Ba za a yi yau ba."

"Saa? Haba! Don me?"

In na ce ba zan iya faɗa ba, na faɗa ke nan, domin gwaggo ba wawiya ba ce. In na ce inji ya lalace, ga dattijo ana turawa ciki a gabanta. Sai na ce, "Ni ce ban yarda ba. Ban gamsu da shirin ba, kuma in ban sa hannu ba ba a yi. Za a ba ku wata rana."

Abin da ta yi a barandar nan har masu shara sun tsaya kallo. Ta ce ni wace ce, mai ɗaukar hoto, da zan hana abin da dokta ya rubuta. Ta ce ta san dokta paa, farin sani, za ta shiga ta gan shi. Ta nufi ƙofar da jar fitila ke kunne a samanta, na sha gabanta na ce ko mahaifina ne ba zai wuce nan ba. Ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, ta fizgi hannun Amarya suka tafi. Na koma na sa rigar dalma, muka yi awa biyu a kan dattijon har fitsarinsa ya sami hanya.

Kafin magariba labari ya gama Zongo. Wai na yi boko na fi ƙarfin dangi. Wai tunda na tashi na koma unguwar Buokrom na manta inda aka binne cibiyata. Wai baƙin ciki nake yi, ni na haifi nawa biyu ba na so ɗan gwaggo ya ga nasa. Matan da ko sunan abin da ke cikin cikinsu ba su sani ba suka zauna a kan turmi suna yanke hukunci a kan aikina. Mijin Amarya, da ya yi alkawarin haɗa mini kabad ɗin kicin, bai sake ɗaga wayata ba, in muka haɗu a hanya sai ya tsallaka titi. Mahaifiyata ta zo har gidana a trotro, motar haya, tana kuka, wai in je in ba yayar ubana haƙuri in sa musu rana. Na ce mata Mma, ki sha ruwa ki huta, ranar na zuwa.

Kuma in faɗi gaskiya daɗi nake ji. Duk zagin da aka yi mini ajiye shi nake yi, ina jiran ranar da zane zai ƙi ɗauruwa a ƙugun Amarya. Na riga na shirya fuskar da zan yi in gwaggo ta zo. Ba zan ce komai ba, zan ba ta kujera, in kawo mata ruwa, in bar ta ta nemi inda za ta sa idonta. A trotro in na tuna sai in kama kaina ina murmushi.

Sau ɗaya na samu na kai Amarya awo. Ta ce wa gwaggo za ta kasuwa, na tare ta a tasha. Da nas ta soma tambayoyi Amarya ta sunkuyar da kai, ta ƙi furta kalmar ko sau ɗaya, sai na tsinci kaina ina amsa mata ɗaya bayan ɗaya, har da nuna wuri. Ban ji daɗin kaina ba, amma na ci gaba. Aka ɗora mata na'urar duba ciki, wadda ba ta da hasken da ke cutarwa, na juya mata allon na nuna mata wani ɗan ɗigo yana bugawa da sauri. Ta kalla sau ɗaya ta kau da kai, wai kada idonta ya yi yawa a kansa. Na ja tsaki na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ƙulle su a bakin zane. A hanya na ce ta daina ɗaukar bokiti, ta daina shan duk abin da gwaggo ta jiƙa. Ta ce to. Yadda za ta ƙi bokiti a gidan da ba wanda ya san dalili, wannan ban tsaya na tambaye ta ba.

Bayan sati biyar, wata Asabar da rana, na je gidanmu kai wa mahaifiyata magani. Gwaggo na kujerarta. Tun ranar asibiti ba ta amsa gaisuwata, amma ranar ta amsa, domin tana da abin faɗa.

Ta ce, "Kin kyauta. Yarinyan nan jininta ya zo wannan watan kamar an yanka rago. Kwana uku tana kwance, ko tuwo ba ta tuƙa ba. Dattin da ya taru ne, hanya a toshe. Da kin bari an buɗe da duk bai faru ba. Allah ya isa, wallahi."

Na tambayi ko an kai ta asibiti, gwaggo ta ce asibitin me, a kan al'ada, ta dafa mata kanwa da citta ta warke. Ta ci gaba da magana, ban ji sauran ba. Na ajiye ledar maganin a kan tabarma na zagaya bayan gida.

Amarya na durƙushe a gaban baho tana wankin zanin gado. Ta rame, leɓenta ya yi fari. Da ta gan ni ta soma ƙoƙarin gaishe ni yadda ta saba, na ce ta bari. Na tsuguna kusa da ita na soma abin da na iya. Na ce dole gobe ta zo a duba ko akwai saura a ciki, domin in ya zauna zai ruɓe ya sa mata zazzaɓi. Na tambayi yawan jinin, da ko yana wari, da ko tana jin jiri.

Ta ce, "Ya fita duka, Yaya. Na gan shi. Na naɗe shi a ƙyalle na binne can gindin katanga, kowa ya tafi Juma'a."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Me ya hana ki kira ni?"

Ta murɗe zanin, ruwa ya tsiyaye, ta jefa shi a bokiti. Na ce mata ciki na zubewa da kansa, ba laifinta ba ne, ba laifin kowa ba ne, akwai gwaje-gwajen da za a yi a gano dalili tunda ya kai uku, kuma yanzu mun san hanya a buɗe take. Duk gaskiya ne, har yau ba abin da zan janye a ciki. Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗago, kuma wannan ne karo na farko a shekara tara da ta dube ni cikin ido.

Ta ce, "Ban ce kin yi da gangan ba. Na san taimakona kika yi. Amma ke kaɗai na gaya wa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta ɗauki bokitin, ta raɓa ta gefena ta tafi shanya.